Injin busar da kaya, injin wanki ko firiza: wanne za ki fara saya?

Duk wadda ta taɓa ɗaukar tawul da ya fito daga injin busar da kaya, da ɗuminsa da laushinsa, ta san abin da ya sa injin nan yake shiga rai. A bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Instagram ana nuna ɗaki guda an ware shi don wanki kawai, injin wanki a ƙasa, na busarwa a ɗore a kansa, a zuba kaya da hantsi, kafin azahar an ninke an jera a durowa. Ba igiya, ba ɗaga kai a duba ko hadari ya haɗo, ba kwashe shanya a guje. Sha'awar nan ba laifi ba ce. Macen da ta yi shekaru tana durƙuso a gaban baho har bayanta ya riƙe ta cancanci duk wani sauƙi da kuɗinta zai iya sayo mata.

Sai dai kuɗin guda ɗaya ne. Ko adashi kika ɗauka, ko maigida ya ce ki zaɓi abu ɗaya a bana, ko kuma kayan ɗakin 'yarki kike haɗawa, manyan injina uku ne ke gaban mutum: firiza, injin wanki, da injin busarwa. Ra'ayina shi ne, a yawancin gidajenmu daga Sakkwato har Maiduguri, na busarwar shi ne na ƙarshe a layi, kuma akwai gidajen da ba sa buƙatarsa sam. Amma akwai 'yan gidajen da yake zame musu rahama, zan kuma faɗe su.

Mu fara da wuta, don ita ce alƙalin maganar. Injin busarwa na gargajiya ba komai ba ne illa hita da fanka da ganga mai juyawa. Hitar nan tana jan wat 2,000 zuwa 3,000, kuma ba na minti biyar ba kamar butar shayi. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu take yi tana aiki. Cikakken lodi na kayan auduga yana cin yunit 4 zuwa 5. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa wajen 209. A wannan farashin, busarwa ɗaya ta kusa naira dubu. Idan sau uku kike wanki a sati, kin haura yunit 50 a wata a busarwa kaɗai. Firiza matsakaiciya da ke kunne dare da rana tana cin yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yini, wato abin da za ta ci a wata bai kai na injin busarwar ba.

Wadda ba ta rukunin A za ta ce ai nata yunit ɗin ya fi araha. Gaskiya ne, amma ita ce kuma ba ta da wutar. Rukunin A an yi musu alƙawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma kowa ya san tsakanin alƙawari da abin da ke zuwa a waya akwai tazara. Injin da ke buƙatar awa biyu ba yankewa, in aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, kaya za su zauna a rufe cikin ɗumi da laima, su fito da warin da sai an sake wanke su. In kin ce a tayar da janareto, mai 2.5 kVA da ke yawancin gidaje abin da yake bayarwa bai wuce wat 2,000 ba, ba zai ɗauka ba. Wanda zai ɗauka kuwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kin san abin da awa biyu take nufi a aljihu. Sola ma haka: inbatar gida da aka haɗa don fitila da fanka da talabijin da firiza, in aka ɗora mata hita mai wat 2,500 ko dai ta kashe kanta ko ta tsotse batir kafin magariba.

Injinan busarwa iri uku ne, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Na farko mai bututu: yana hura iska mai zafi cikin kaya, ya fitar da tururin ta wani kakkauran tiyo da ake zura wa ta taga ko a huda bango. Shi ya fi araha a saye, ya fi sauƙin gyara, don duk mai gyaran da ya san hita da bel da mota zai iya buɗe shi. Na biyu mai kondensa: ba ya buƙatar huda bango, yana mayar da tururin ruwa ya tara a wata 'yar durowa da za ki riƙa zubarwa bayan kowane lodi. Wutar da yake ci daidai take da ta na farko ko ma ta ɗan fi, sannan yana ɗumama ɗakin da yake ciki, abin da ba wanda ke nema a watan Afrilu. Na uku shi ne wanda za ki ga an rubuta Heat Pump a jikinsa. Maimakon hita, kwamfureso gare shi irin na firij, yana juya iska ɗaya yana sake amfani da zafinta. Ƙarfin da yake ja yawanci bai kai wat 1,000 ba, lodi ɗaya yunit ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma zafinsa bai wuce wajen digiri 50 ba, saboda haka ba ya cin kaya kamar sauran. Ƙarancin cin wutar nan ne ma ya sa Tarayyar Turai ta tsaurara ƙa'ida daga Yulin 2025 ta yadda sababbin injinan da za a fitar kasuwa kusan sai irinsa.

Idan dole sai kin saya, na ukun ne mai hankali a lissafin wuta, kuma shi kaɗai ne sola mai ɗan ƙarfi za ta iya riƙewa da tsakar rana. Amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, yana ɗaukar awa biyu da rabi zuwa uku ko fiye, kuma littafin da ke zuwa da shi yawanci yana cewa a ajiye shi a wurin da zafi bai wuce digiri 35 ba. Kano da Katsina da Maiduguri suna haura 40 a bazara. Ga ƙura, wadda ke toshe ragar da ke ƙasan injin in ba a share ta a kai a kai. In allon kwamfutarsa ya ƙone sanadin wutar da ke hawa da sauka, samun wani sai an aika Legas, wani lokacin ma a jira daga waje.

Akwai wata tambaya da masu sayarwa ba sa yi miki: wane kaya za ki zuba a ciki? Buɗe sif ɗinki ki duba. Shadda ba ta shiga injin busarwa. Ƙyallin nan da aka biya kuɗi dominsa zafi da gurzar ganga suna kashe shi, kuma shaddar da aka yi wa sitati shanya take so, sannan guga ko bugu. Leshi mai duwatsu ba ya shiga, duwatsun da gam aka manna su, zafi zai saki gam ɗin. Babbar riga mai aiki ba ta shiga. Hula kuwa ba a ma maganarta. Je ki ga yadda masu wankin hula ke yi, a goge ta da burushi da kumfa, a sa mata sitati, a kifa ta a kan gwangwani daidai girman kai, a jera su a rana har su tsaya ƙyam. Atamfa mai kyau a inuwa ake shanya ta a juye don kar ta koɗe. Hijabi mai roba da kayan da ke da lastik suna tsukewa ko su saki. Abin da ya rage wa injin shi ne tawul, zanin gado, singileti, safa, jins, yunifom ɗin yara da kayan jarirai. Ba kaɗan ba ne, amma ba shi ne rabin sif ɗin Bahaushiya ba. A Amurka, inda kusan gida huɗu cikin biyar ke da injin nan, suturar yau da kullum riga ce ta auduga da wando, duk ana iya watsa su ciki a juya.

To ina matsalar shanya take a wurinmu? Wuri biyu. Lokacin hunturu kaya na bushewa kafin ki gama share tsakar gida, amma ƙura tana mayar da farar riga jaja-jaja. Maganin wannan ba ya buƙatar injin: iskar hunturu a bushe take ƙwarai, ko a cikin ɗaki kika ɗaura igiya kika kunna fanka, kayan za su bushe cikin 'yan awoyi. Na biyun shi ne marka, a watan Agusta, lokacin da rana kan yi kwana biyu ko uku ba ta leƙo ba, kaya su yi warin danshi, bargo ya fara fumfuna. A irin wannan lokacin ne kuma wani ƙuda ke yin ƙwai a jikin tufar da aka shanya a ƙasa ko a inuwa da laima, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta yi kamar maruru. Zafin injin busarwa yana kashe ƙwan, haka ma dutsen guga mai zafi, shi ya sa iyayenmu ba sa yarda a sa wa jariri kayan da ba a goge ba. Wannan wahalar ta gaske ce, amma ta 'yan makonni ce a shekara. Sayen injin mai tsada don makonni shida, ya zauna wata goma an lulluɓe shi da zani, bai yi mini kama da dabara ba.

Abin da ke magance yawancin wannan wahalar yana jikin injin wanki ne, wato wurin matsewa. Kayan da aka matse da hannu suna riƙe da ruwan da ya kai nauyinsu ko ya fi. Gangar matsewa da ke juyi 1,300 zuwa 1,400 a minti tana rage shi zuwa kusan rabin nauyin kayan, cikin minti biyar, da wutar da ba ta kai ta dutsen guga ba. Yunifom ɗin da ya fito daga nan, ko da marka, in aka rataye shi a baranda ko ƙarƙashin fanka da daddare, da safe guga kawai yake jira. Ko wadda ta sayi injin busarwa ba ta tsira daga wannan ba, don ba a zuba masa kaya suna ɗiga. In aka yi haka lokaci da wuta ninkawa suke yi.

Shi ya sa nake ganin injin wanki ya riga shi da nisa. A nan ma zaɓi uku ne. Mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, shi ne ya fi dacewa da gidan da ruwa na 'yan ga-ruwa ne ko na rijiya. Da bokiti ake zuba masa, ba ruwansa da ƙarfin famfo. Motar wankinsa wat 300 zuwa 450 ce, ta matsa ba ta kai haka ba, saboda haka janareto matsakaici ko ƙaramar sola na ɗaukarsa, wankin safiya guda bai cin rabin yunit. In an ɗauke wuta ba abin da ya lalace, kayanki na hannunki, ki ƙarasa a baho. Kina iya farawa da fararen kaya, ki sake amfani da ruwan omon ga masu launi, ki ƙare da tsummokara. Aibinsa shi ne sai kin tsaya a kansa: ki kwashe, ki mayar, ki zubar da ruwa, ki sake zubawa. Wuyan riga da hammata kuma sai kin ɗan cuɗa da hannu tukuna. Amma ba allon kwamfuta a cikinsa, taima ce da bel da kafasito, kuma Haier Thermocool, Hisense, LG, Scanfrost, Nexus duk suna yin sa, kayan gyaransa na nan a Sabon Gari da kowace babbar kasuwa.

Mai ƙofa a gaba shi ne na bidiyoyin nan. Ya fi kowanne fitar da datti, ya fi tausaya wa kaya, kuma ruwan da yake sha kaɗan ne, wajen lita 50, jarka biyu ke nan. Sai dai da kansa yake jan ruwa daga famfo, kuma yawancinsu suna son matsin da ba ya samuwa sai tanki ya kai wajen mita 5 sama da injin. Gidan da tankinsa ke kan 'yar katanga, injin zai yi ta jira yana ƙara, ko sai an sa masa ɗan famfon ƙara ƙarfi. Yana da hita ta wajen wat 2,000 a ciki, in ba ki zaɓi wankin ruwan sanyi ba zai kunna ta. In wuta ta tafi ƙofarsa kan kulle na ɗan lokaci da ruwa da kaya a ciki. Ga wadda ke da bohol da tanki mai tsayi da wuta ko sola tsayayya, musamman ma'aikaciyar da ke fita da safe, ba shi da na biyu: ki zuba, ki danna, ki tafi. Mai murfi a sama mai sarrafa kansa yana tsakiyar su biyun a kuɗi da sauƙi, amma ya fi su shan ruwa, yakan kai lita 100 ko fiye, wanda ke sayen ruwa a kura ya yi lissafi.

Wani abu da mata ke yawan tambaya shi ne najasa. Kayan da fitsarin yaro ko jini ya taɓa, a fara zuba musu ruwa a wanke wurin kafin su shiga injin, sannan ɗaurayar ƙarshe ta zama da ruwa tsarkakakke wanda omo bai canza shi ba. A mai baho biyu wannan a hannunki yake, kina gani da idonki. Zafin injin busarwa kuwa ba ya tsarkake komai, busarwa kawai yake yi.

Kada kuma a manta da mai wanki da guga. Gidan da maigida ke sa shadda kullum, manyan kayansa za su ci gaba da zuwa wurin mai wanki ko da injin goma aka saya. Injin gida na kayan yara ne da na uwargida da shimfiɗa. In gidan mutum biyu ne, amarya da ango, wankin da ya rage bayan an cire na mai wanki bai taka kara ya karya ba, kuma a nan firiza ta sha gaban injin wankin ma.

Firiza ita ce kaɗai cikin ukun da ke dawo da kuɗi. Lokacin da tumatirin rani ya sauko daga Kadawa da Kura, kwando ya yi araha, a markaɗa da tattasai da attaruhu a tafasa a ƙulla, a ci har damina lokacin da 'yan ƙwaya huɗu ke neman gagarar talaka. Naman layya ba sai an soye shi duka a rana ɗaya ba. A yi miyar sati a raba a robobi, gas ya huta, ke ma ki huta. Ga sana'a: ƙanƙara da azumin bazara, zoɓo, kunun aya, lamurje, fura da yogot. Mata da yawa da firiza ɗaya suke biyan kuɗin makarantar yara. Ki zaɓi ta kwance mai murfi a sama, don sanyi ƙasa yake zama, in an buɗe ba ya zubowa kamar na firij mai tsaye. In tana cike kuma ba a buɗe ta, tana riƙe ƙanƙara har kwana biyu ba wuta. In rabi ce, kwana ɗaya. Shi ya sa ake cike gurbin da ya rage da robobin ruwa. Ki duba takardar da ke bayanta ki nemi harafin T, alamar an yi ta don zafin da ya kai digiri 43. ST na digiri 38 ne, N kuwa 32 kacal, kuma da yawa cikin na hannu da ake kawowa daga Turai irin wannan ne, shi ya sa suke ta gurnani a bazara ba sa daskarewa. A haɗa ta da sitabilaiza ko na'urar da ke jinkirta kunnawa na 'yan mintuna bayan an dawo da wuta, don dawowar wutar ce ke kashe kwamfureso. In an kawo ta a mota, a bar ta ta zauna wasu awoyi kafin a jona.

Ƙananan kaya ba sa buƙatar dogon bayani. Bilenda mai ƙarfi da murhun gas suna gaba da duk waɗannan in babu su. Tukunyar ɗumame ta lantarki da injin wanke kwanuka su jira.

Su wa ya kamata su sayi injin busarwa? Mai zama a Jos ko kan tsaunin Mambila, inda damina ke da tsawo ga sanyi. Mai gidan bene a Abuja da ba tsakar gida, baranda taku biyu. Mai tagwaye ko jarirai a jere. Gidan da ake jinyar tsoho ko tsohuwa, ana canza shimfiɗa sau biyu sau uku a rana; wanda ya yi irin wannan jinyar da damina ya san busasshen zanin gado ba ƙawa ba ne, mutunci ne na majinyaci da kariya ga fatarsa. Sai masu masauki da masu gidan wanki, su kuma su nemi mai aiki da gas, don gas ne ke ba da zafin, lantarki ganga kawai yake juyawa. Sai 'ya'yanmu da ke Ingila karatu ko aikin asibiti. A can shanya a ɗaki da hunturu tana jiƙa bango, baƙar fumfuna ta fito, yara su kama tari. Mai kwamfureson nan, wato Heat Pump, ya dace da su, ko kuma na'urar tsotse danshi a sa kusa da shanya, wadda ke jan wat 200 zuwa 300.

Duk wadda ta saya, ragar da ke bakin ƙofa tana tara burbushin zare kamar auduga, a cire shi bayan kowane lodi. Ba ƙaramar magana ba ce: a 2019 kamfanin Whirlpool ya janye injina har kusan 800,000 a Birtaniya, masu sunan Hotpoint da Indesit da wasu, saboda burbushin na taɓa hita ya kama da wuta. Kar a kunna shi a fita unguwa ko a kwanta barci, kar a jona shi a doguwar waya mai soket da yawa, soket ɗinsa na bango daban da waya mai kauri. A guji na hannu da aka kawo daga Amurka komai arharsa. Nasu na jan wat 5,000 ko kusa, an yi shi don layi na musamman da irin wutarsu, soket ɗinmu kuwa iyakarsa wajen wat 3,000.

Akwai kuma wanda ya haɗa wanki da busarwa a ganga ɗaya, shi masu shago suka fi tallatawa yanzu. Ki kula da lambobi biyun da ke jikinsa, kamar 8 da 5: yana wanke kilo 8, amma kilo 5 kawai yake iya busarwa, sai kin rage kaya a tsakiya. Wanki da busarwa a jere kan ɗauki awa huɗu zuwa shida, yawancinsu kuma suna jan ruwan famfo ko a lokacin busarwar. In bambancin kuɗinsa da mai wanki zalla ba shi da yawa, kuma dama mai ƙofa a gaba za ki saya, ba laifi ki ɗauke shi ki ajiye busarwar don kwanakin marka. Kafin ki biya, ko wanne kika zaɓa, sa a jona shi a gabanki a shago, a cike katin garanti da kwanan wata da hatimi, sannan ki tambayi mai shagon inda ake samun bel da mota da allonsa a garinku, ya ba ki lambar mai gyaran da suke aiki da shi.